Wasulan Ingilishi: haruffa biyar, sauti ashirin

Wanda ya yi karatun boko da Faransanci, ko wanda ya saba da karatun Hausa, yakan shiga koyon Ingilishi da wani zato da bai ma san yana ɗauke da shi ba, wato harafi zai gaya masa yadda ake furta shi. A Hausa haka abin yake. A Faransanci ma, duk da tarin haruffan da ake rubutawa ba a faɗa, akwai ƙa'idar da mutum zai riƙe: "ou" kusan kullum u ne, "eau" kuma o ne. Ingilishi bai yi wa kowa wannan alkawari ba, musamman a wajen wasula.

Haruffan wasali biyar ne, a, e, i, o, u, sai y da kan taya su aiki wani lokaci. Amma sautukan wasali da mutumin kudancin Ingila ke furtawa sun kai 20: guda 12 tilo ne, guda 8 tagwaye, waɗanda baki ke farawa da wani sauti ya zame zuwa wani. A Amurka adadin ya ɗan ragu, tsakanin 14 da 16, gwargwadon yanki da yadda aka ƙirga. Ke nan dole harafi ɗaya ya ɗauki kayan mutum uku ko huɗu. Harafin a kaɗai yana da sauti daban a kowace ɗaya daga "cat", "father", "make", "call", "want", "many" da farkon "about". Ta ɗaya gefen kuma sauti ɗaya yana da riguna da yawa, domin dogon i ɗin nan guda ne a "see", "sea", "field", "receive", "key", "police" da "people".

Yadda rubutu da furuci suka raba gari

Wannan rikici yana da tarihi. Kafin shekara ta 1400, a zamanin marubuci Geoffrey Chaucer, wasulan Ingilishi sun yi kusa da yadda Bahaushe zai karanta su yau in aka miƙa masa takarda. Harafin i na "time" dogon i ne, kamar na "kifi". Ana faɗin "house" da dogon u, "name" da dogon a kamar na "rana", "meet" da dogon e, "moon" kuma da dogon o.

Daga wajen 1400 zuwa 1700 sai dogayen wasulan nan suka yi ta gusawa a cikin baki, kowanne yana hawa wurin na sama da shi. Dogon e ya koma i, dogon o ya koma u, dogon a ya haura ya zama e, daga baya ya zama ei. Su kuwa i da u, da yake ba sauran wurin hawa, sai suka tsage suka zama tagwaye, ai da au. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmark, Otto Jespersen, shi ya raɗa wa abin suna a 1909, sunan da ke nufin babbar ƙaurar wasula.

Rashin sa'ar masu koyo shi ne a tsakiyar wannan ƙaura ne William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Westminster, cikin 1476. Littattafai suka yawaita, ƙa'idar rubutu ta fara daskarewa, baki kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Kafin Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, rubutu ya riga ya zauna a kan furucin kakannin kakanni. Abin da ake karantawa yau hoton maganar mutanen ƙarni na 15 ne.

Mai jin Faransanci yana da hanya mai sauƙi ta ganin wannan ƙaura da idonsa. Bayan Normandawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, dubban kalmomin Faransanci sun shiga Ingilishi, kuma ƙaurar ta kwashe su tare da na gida. Shi ya sa "table" da "bible" suke iri ɗaya a rubuce cikin harsunan biyu, amma Bafaranshe ya riƙe a da i, Baturen Ingila ya koma ei da ai. Hausa ta karɓo su daga bakin Ingilishi, ta ce tebur, ta ce Baibul. Kalmomin da suka makara, suka shigo bayan ayari ya wuce, irin "machine", "police" da "routine", sun tsira da i ɗinsu na Faransanci, dalili ke nan da ya sa muke cewa mashin.

Akwai dai ƴar ƙa'ida da ta rage, kuma tana da amfani. In kalma ta ƙare da e da ba a furtawa, wasalin da ke gabanta yakan faɗi sunansa na abacada: "mat" ya zama "mate", "bit" ya zama "bite", "hop" ya zama "hope". In aka ninka baƙi, wasalin ya koma gajere, shi ne bambancin "hoping" da "hopping". Sai dai kalmomin da aka fi amfani da su kullum su ne suka fi taka dokar: "have", "give", "come", "love", "done". Game da "ough" kuwa ba wata dabara sai hadda, don "though", "through", "tough", "cough", "thought" da "plough" ba biyun da suka yi daidai.

Abin da kunnen Bahaushe ya zo da shi

A nan Bahaushe ya fi Bafaranshe jari. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye biyu, ai da au. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, amma kunne yana ji: garin da ake zama daban, garin da ake tuƙa tuwo daban, dafa abinci daban, dafa kafaɗa daban. Faransancin yau ba ya raba kalmomi ta wannan hanya, shi ya sa "ship" da "sheep", ko "full" da "fool", suke zame wa Bafaranshe abu ɗaya. Gajeren i na "ciki" ya yi kusa sosai da na "ship", gajeren u na "kunu" bai yi nisa da na "full" ba.

To me ya sa Hausawa ma suke haɗa su? Amsar tana cikin ginin gaɓar Hausa. Hausa ba ta yarda dogon wasali ya zauna a gaɓar da baƙi ya rufe ba. Da zarar an rufe gaɓa sai wasalin ya gajarce. Ka saurari ƙarshen "gida" da na "gidan", za ka ji a ɗin ya tsuke. Tagwaye ma ba su tsira ba: mai ya zama man gyaɗa, kai ya zama kan sarki, rai ya zama ran mutum. Wannan doka tana aiki a bakin Bahaushe ba tare da ya sani ba, kuma yana tafiya da ita cikin Ingilishi. Furta "see" ba ya ba shi wahala, don gaɓar a buɗe take. Amma "seat", "leave", "pool" da "heart" rufaffu ne, sai harshe ya yi abin da ya saba, ya yanke su, su fito kamar "sit", "live", "pull" da "hut".

Kalmomin aro su ne shaidu. "Pound" ya zama fam, "counter" ya zama kanta, "paint" ya zama fenti. Inda Hausa ta so ta ceci wasalin, sai ta buɗe gaɓar ta ƙara wani wasali a baya: "line" ya zama layi, "court" ya zama kotu, "card" ya zama kati. Dogon o kuwa a rufaffiyar gaɓa yakan rushe ya koma wa, shi ya ba mu kwat daga "coat", kwal daga "coal", kwas daga "course". Ba laifi ba ne, haka kowane harshe yake yi wa baƙon da ya sauka gidansa. Amma mai son a fahimce shi a Ingilishi sai ya koyi abin da Hausa ta hana, wato ya ja wasali sannan ya rufe shi da baƙi, ba tare da ƙara wani wasali a ƙarshe ba. Hanya mai kyau ita ce a fara da buɗaɗɗiyar kalma, a ce "see", a riƙe ta, sannan a ɗora d a kai a samu "seed".

Kuskuren ba ƙarami ba ne a wajen ma'ana. "I want to live here" da "I want to leave here" kishiyoyin juna ne, ɗaya zama, ɗaya tashi, kuma jami'in da ke tambayar mutum a bakin iyaka ba zai tsaya yi masa tawili ba. Kalmomin "sheet" da "beach" kuwa, in aka gajarta su, batsa da zagi suke komawa.

Sai dai tsawo ba shi ne komai ba, kuma a nan littattafan makaranta da yawa suke rage bayani. A Ingilishi baƙin da ke biye yana canja tsawon wasali: i na "seat" ya fi na "seed" gajarta nesa ba kusa ba, ko da yake wasali ɗaya ne. Abin da Bature yake saurare shi ne kalar sautin. A "sheep" harshe yana can sama, leɓɓa a baje kamar mai murmushi. A "ship" harshe ya ɗan sauko, baki a sake, sautin ya karkata wajen é na Faransanci.

Wasulan da suka fi cin mutane

Uku ne ke zaune inda Hausa take da a: na "cat", na "cut" da na "cart". Biyu daga ciki Bahaushe yana da kusan irinsu. Gajeren a na tsakiyar kalma, kamar na "dafa" ta abinci, ya dace da "cut" da "bus". Dogon a na "rana", in aka ɗan ja shi baya wajen maƙogwaro, shi ne na "cart" da "father". Na "cat" ne baƙo. A Amurka yana tsakanin a da è na Faransanci, baki a wage; a Ingila ta yau ya matso kusa da a na "patte". Wanda ya koyi Ingilishi ta hanyar Faransanci yana da nasa tarko daban, shi ne ganin harafin u a "cut" ko "but" ya tsuke leɓɓa kamar zai ce "œuf".

Wannan wasali na "cut" ya shigo Hausa ta ƙofa biyu. Muna cewa bas da gam da famfo, da a. Muna kuma cewa bokiti da kofi da buroshi, da o. Har yau mutanen kudancin Najeriya da na Kamaru mai amfani da Ingilishi sun fi furta shi o, Hausawa da mutanen Gana kuwa a.

Haka kuma "cot", "caught" da "coat". Na farko gajere ne, baki a buɗe, kusa da o na "porte". Na biyu dogo ne, leɓɓa a zagaye sosai, duk da tarin haruffan "augh" da ke tsorata ido. Na uku tagwai ne da ke ƙarewa da u. A Kanada da yammacin Amurka na farko da na biyu sun haɗe sun zama ɗaya, ba wanda ya mutu.

Wanda ya fi duka wuya ga Bahaushe shi ne na "nurse", "shirt", "church", "learn" da "work". Rubutu biyar, sauti ɗaya. Dogon wasali ne na tsakiyar baki, harshe a kwance, leɓɓa ba a baje ba ba a zagaye ba. Hausa ba ta da abin da ya yi kama da shi, kuma kalmomin aro sun nuna yadda ta yi ta lalube: nas da shat da a, coci da o, siket da e. A nan ɗan makarantar Faransanci ya fi ɗan'uwansa na Kano sa'a, don wasalin "peur" da "sœur" ya kai shi kusa, sai dai ya saki leɓɓansa. Wanda bai raba "work" da "walk" ba, zai je neman aiki ya ce yawo ya zo.

Tagwayen ai da au na "time" da "house" ba su da matsala sai ta rufaffiyar gaɓa da aka ambata. Na "day" da "late" ma akwai shi a bakin Hausawa da yawa, masu furta "sai" kamar "sei". Abin kiyayewa shi ne kada "late" ya koma "let", kada "sale" ya koma "sell", kada "pain" ya koma "pen". Wasu uku, na "near", "square" da "cure", suna ta raguwa a Ingila kanta, har matasa da yawa ba sa bambanta "poor" da "pour".

Wasalin da ba shi da harafi

Sautin da ya fi kowane yawa a Ingilishi ba shi da harafin kansa. Masana suna kiransa shuwa, suna ne da aka aro daga nahawun Ibrananci, alamarsa kuma e ce a kife, ə. Ɗan gajeren sauti ne mara ƙarfi, abin da ke fita in mutum ya buɗe baki kaɗan bai motsa harshe ba. Ya yi kama da e na "le" da "petit", ban da zagaye leɓɓa. Kowane harafi yana iya komawa shi: a na "about", e na "problem", o na "today", u na "support".

Dalilinsa shi ne nauyin murya. Hausa tana aiki da hawa da saukar murya, kowace gaɓa kuma tana riƙe da wasalinta cikakke. Faransanci yana ba gaɓoɓi lokaci kusan daidai, ya ɗan danna ta ƙarshe. Ingilishi yana zaɓar gaɓa ɗaya ya ɗora mata nauyi, sauran ya murƙushe su. A "photograph" nauyin yana kan gaɓar farko, a "photography" ya koma ta biyu, wasulan kuma duka suka sauya ko da yake haruffan suna nan. Kalmomin da Faransanci da Ingilishi suka yi tarayya a kansu su ne suka fi yaudara, don ido ya san su: "important", "general", "comfortable", "chocolate". Biyun ƙarshe a bakin Bature gaɓa uku ce da gaɓa biyu.

Ƙananan kalmomi irin "to", "for", "of", "and" da "can" ma shuwa suke komawa a tsakiyar magana. Wannan ne ya sa wanda ya iya karanta jarida sarai yake kasa jin fim ko labaran rediyo, ya ce suna haɗiye magana. Haɗiyewar ita ce ƙa'idar. A ganina, wanda ba shi da lokaci mai yawa gara ya kashe shi a kan nauyin murya da shuwa, ya bar gyaran "cat" da "cut" sai daga baya, domin in nauyi ya faɗa kan gaɓar da ba ita ba, kalmar gaba ɗaya takan ɓace wa mai sauraro.

Ƴan kasuwar da ke tsakanin Maraɗi da Kano, ko Garwa da Bamenda, sun san inda wannan yake cin kuɗi. Bambancin "thirteen" da "thirty", ko "fifteen" da "fifty", yana ga nauyi da tsawon gaɓar ƙarshe: 13 da 15 suna ƙarewa da dogon i mai nauyi da n, 30 da 50 kuwa nauyinsu a farko yake, ƙarshen ya faɗi. Turawa da kansu sukan rikice a waya, sai su faɗi lambobin ɗaya-ɗaya, "one three" ko "three zero".

Furucin wa za a bi?

Babu Ingilishi ɗaya. A kudancin Ingila da Ostireliya ba a furta r in ba wasali ne ya biyo ta ba. A Amurka, Kanada, Sikotilan da Ailan ana furta ta. Hausa ta yi aro daga na farkon, shi ya sa muke da mota, direba, lauya, tela da minista, duka da a a ƙarshe, babu r. A arewacin Ingila, wajen Manchester da Leeds, "bus" da "cup" suna da u irin na "put". "Bath" da "dance" dogon a ne a Landan, amma na "cat" ne a arewa da Amurka. A Sikotilan har yau akwai masu faɗin "house" da dogon u, kamar ƙaurar wasula ba ta bi ta kansu ba.

Ga mai zaune a Kamaru, inda Ingilishi da Faransanci duka harsunan hukuma ne, ko a Nijar, inda dokar 2025 ta sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, mutanen da zai fi magana da su ƴan Afirka ne irinsa, ƴan Najeriya da Gana da Bamenda da Buea. Ba shi da bukatar ya koma ɗan Landan. Abin da yake bukata shi ne ya raba wasulan da ke raba ma'ana, ya kuma riƙe salo ɗaya kada ya yi ta tsalle tsakanin biyu.

Ƙamus mai kyau yana ba da furucin kowace kalma da alamomin ƙasa da ƙasa, kuma koyonsu aikin kwana kaɗan ne. Asalinsu ma daga malaman makaranta ne: a 1886 Paul Passy da abokansa suka kafa ƙungiya a Faris don sauƙaƙa wa yara koyon furucin harsunan waje, Ingilishi a kan gaba. Ɗalibinsa Daniel Jones ya fitar da ƙamusun furucin Ingilishi a 1917, wanda aka sha sabunta shi. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tsari, tun da ɓ da ɗ namu suna cikinsa. Ɗigo biyu bayan wasali suna nuna tsawo, kamar iː na "sheep" da uː na "fool". Alamar ɪ ta "ship" ce, ʊ ta "full", æ ta "cat", ʌ ta "cut", ɜː ta "nurse". Ƴar sanda a sama kafin gaɓa tana nuna inda nauyi yake. Yawancin ƙamusun da ke intanet suna da muryar Ingila da ta Amurka, sai a danna a saurara.

Sunayen haruffan kansu ma ƙaurar wasula ta taɓa su, kuma wannan yana damun duk wanda aka ce ya faɗi haruffan sunansa a banki, a asibiti ko wajen yin takardun tafiya. A Ingilishi sunan A shi ne ei, sunan E shi ne i, sunan I kuwa ai. Wanda ya saba da Faransanci in ya ce i yana nufin I, magatakarda zai rubuta E. G da J ma sun yi musaya: abin da Bafaranshe ke kira J ya yi kama da G na Ingilishi, G ɗinsa kuma ya yi kama da J. Ta haka Issa yake komawa Essa a takarda, Djibo ya koma Dgebo. In ana shakka, a haɗa harafin da kalmar da kowa ya sani, a ce I na "India", E na "Egypt", J na "Japan", ko kuma a karɓi alƙalami a rubuta da hannu.